Maɓallan sauti sun dame ni: in kashe su ko in sayi wani kibod?

Tambaya: Malam, da Excel nake aiki a laftof. Duk sanda na danna F2 don in gyara gurbi, sai sauti ya ragu. Abokin aikina ya ce in sayi kibod na waje in huta. Ya kake gani? — Wata ma'aikaciyar ofis

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki, kibod ɗinki lafiyarsa ƙalau. Jerin maɓallan F aiki biyu suke yi, kamfanin ne ya sa na sauti a gaba. A yawancin laftof na Dell da Lenovo, danna Fn da Esc tare yana juya lamarin: F2 ya koma aikinsa na asali, sauti kuma sai kin haɗa da Fn. Idan hakan bai yi ba, ki shiga BIOS, wato allon saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, lokacin kunna na'urar. HP na kiran saitin Action Keys Mode, Lenovo kuma Hotkey Mode. A Mac yana cikin saitin kibod, sashen Function Keys. Kada ki wahalar da kanki neman manhajar da za ta canza Fn ɗin kansa, domin a yawancin na'urori Windows ba ta ma ganin dannawarsa.

Tambaya: Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na makaranta. Kibod ɗinmu na USB ne, masu maɓallan sauti da na kunna bidiyo daban. Ana cikin darasi ɗalibai ke ƙure ƙara. So nake su mutu gaba ɗaya. — Wani malami

Amsa: Malam, naka ya fi na baya wuya, don a nan babu abin juyawa. Ka fara da PowerToys, manhajar Microsoft ta kyauta da ke aiki a Windows 10 da 11. A cikinta akwai Keyboard Manager: ka danna maɓallin da ya dame ka, ka zaɓa masa Disable, shi ke nan. Sai dai dole manhajar ta kasance a kunne. Ɗalibi ɗaya mai wayo ya rufe ta, maɓallan sun farfaɗo, kuma ka fi ni sanin cewa babu ajin da ya rasa irinsa. AutoHotkey, wata manhajar da ake rubuta wa umarnin maɓallai, ita ma haka take. Layi ɗaya kamar Volume_Up::return ya isa, amma ita ma ana iya rufe ta.

Mutane da yawa za su ce maka SharpKeys, wata manhajar sauya aikin maɓallai. Ita cikin rajistar Windows take rubuta canjin, don haka da zarar an sake kunna kwamfuta ya zauna, ba abin da ke gudana a bayan fage balle a kashe. Inda gizo ke saƙar shi ne, kibod na USB da yawa ba sa aika maɓallan sauti ta hanyar da suke aika haruffa. Ta wata hanya daban suke bi, irin wadda maɓallan lasifikar kunne ke bi, SharpKeys kuwa ba lalle ta gan su ba. Ka gwada a kwamfuta ɗaya kafin ka bi sauran.

Idan ta kasa, ka buɗe services.msc, wato jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, ka tsayar da Human Interface Device Service, ka kuma hana shi tashi da kansa. Shi ke karɓar irin waɗannan saƙonni, kuma ɗalibin da ba shi da izinin mai gudanarwa ba zai iya mayar da shi ba. A ganina wannan ya fi dacewa da makaranta. Amma ka sani maɓallan lasifikar kunne ta USB na iya mutuwa tare da su.

Ban da ɓamɓare maɓalli da wuƙa. Abin dannawar yana nan a ƙasa, bakin biro ma ya ishe shi.

Tambaya: Kibod ɗina ya tsufa, dole in canza. Wanne zan saya da ba zai dame ni da waɗannan maɓallan ba? — Wani mai karatu

Amsa: Ɗan'uwa, idan ba ka son su sam, nemi na ofis marar ƙyale-ƙyale irin Logitech K120, babu su a jikinsa. Idan kuwa kana so ka riƙa zaɓa wa kowane maɓalli aikinsa, duba wanda aka rubuta yana aiki da QMK ko VIA, manhajojin tsara aikin maɓallai, kamar wasu na Keychron. Cikin kibod ɗin ake adana saitin, duk kwamfutar da ka jona shi zai bi ka. Na masu wasan gem kuwa, ka bincika ko yana da ma'adanar kansa, in ba haka ba sai ka girka manhajar kamfanin a kowace na'ura.