Gonata Ta Fi Ta Maƙwabcina Albarka, Me Ya Sa Aka Ba Ta S3?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Za a kawo mana aikin noman rani, masu awo sun zo sun yi ta haƙa ramuka suna ɗibar ƙasa a leda, da taswira ta fito sai na ga an rubuta wa gonata S3 ta maƙwabcina kuma S1, alhali iyaka ɗaya muke kuma wallahi duk damina na fi shi kwasar amfani. Anya ba son kai aka yi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To ka ɗan dakata da zargi tukuna, don abin da ka faɗa yana faruwa sosai ba tare da an cuci kowa ba.

Waɗannan haruffa sun fito ne daga tsarin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 1976. S1 ƙasa ce da ta dace sosai, S2 daidai gwargwado, S3 kuma za a iya amma da ƙyar, sai N1 wadda ba ta dace ba a yanzu da N2 wadda ba ta da gyara. Kenan kai ba a cire ka ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, ba albarkar damina ake aunawa ba, ana duba yadda ƙasa za ta yi ne in an yi shekara da shekaru ana zuba mata ruwa da rani. Kuma matsala guda ɗaya tak ta isa ta ja gona ƙasa, ko da sauran komai lafiya lau ne.

Ni abin da na fi zato a taka shi ne magudana ta ƙarƙashi. Sau da yawa sama ƙasa ce baƙa mai kyau amma kana haƙa rabin mita sai ka ci karo da marmara ko yumɓu mai tauri, ruwa ba ya wucewa. Ruwan sama kusan ba shi da gishiri, shi ya sa da damina ba ka ganin komai, amma na kogi ko rijiya kullum da ɗan gishirinsa, rana ta ƙafe ruwan gishirin ya zauna, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ya yi ta tasowa da nasa gishirin, wata rana sai ka wayi gari ka ga fari-fari a kan kunya kamar an barbaɗa kanwa, shuka ta tsumbure tana yaushi alhali ƙasar a jiƙe take. Masana na cewa ƙasa ta zama mai gishiri in awonta ya haura 4 a ma'aunin gishirin ƙasa da ake kira dS/m.

Akwai kuma gangare, in ya wuce mita 2 cikin 100 ban ruwa ta kwalbati na wahala sai an baje, kuma bajewa kuɗi ne. Rairayi shi ma zuƙe ruwa yake nan take.

Wani abu da ba a cika faɗa wa manoma ba, ajin nan ya danganta da me za a shuka da kuma yadda za a ba da ruwan. Lakar da ke riƙe ruwa ta kashe masara ita ce shinkafa ke so, gangaren da ya gagari kwalbati kuma bai dami ban ruwa na ɗigo-ɗigo ba.

Ka koma ka duba taswirar da kyau, galibi akwai ƙaramin harafi bayan S3 ɗin da ke nuna ainihin matsalar, ka sa su fassara maka shi. Sannan ka haƙa rami mai zurfin mita 1 a gonarka, wani a ta maƙwabcinka in ya yarda, ku cika su da ruwa da yamma, da safe ku je ku leƙa, ramin da ruwa ya kwana a ciki shi ne ruwa ba ya wucewa ta ƙarƙashinsa.