Kaset ukun da Baba ya bari: wanne ya cancanci wahalar juyewa zuwa waya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya zauna a Ingila daga 1984 zuwa 1991, kuma bayan rasuwarsa mun tarar da kaset ɗin bidiyo uku a cikin akwatinsa. Biyu na saye ne, wasannin ƙungiyar mawaƙan Queen a Montreal da Wembley, na ukun kuwa shi ya ɗauka daga talabijin, ya rubuta Live Aid a jikinsa da biro. Ina son in mayar da su cikin wayata, amma na ga wani farin abu kamar auduga a kan zaren na ukun. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Shawarata ita ce ka bar kaset biyun na saye a matsayin abin tunawa, ka zuba kuɗinka da lokacinka a kan na ukun.

Wasan Montreal an yi shi ne a watan Nuwamba na 1981, kuma an ɗauke shi a kan fim irin na silima mai faɗin milimita 35, wanda yake riƙe hoto mai kaifi fiye da abin da kaset zai iya nunawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa da aka koma kan asalin fim ɗin aka sake fitar da wasan a faifan Blu-ray a 2007, har gumin fuskar Freddie Mercury, jagoran mawaƙan Queen, ana gani. Kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, kaifin hotonsa bai wuce layi 240 ko kusa da haka ba, don haka abin da ke hannunka inuwar wancan fim ce kawai. Na Wembley kuwa, na watan Yulin 1986, da kyamarorin talabijin aka ɗauke shi, saboda haka ba zai taɓa yin kyan na Montreal ba, amma duk da haka faifan DVD na 2003 ya fi kaset ɗinka tsabta, kuma ya ƙunshi waƙoƙin da aka yanke a kaset ɗin da aka fitar a 1990. Ga kuma wata matsala: kaset ɗin saye da dama suna ɗauke da kariyar Macrovision, wadda take sa hoto ya riƙa yin haske yana dushewa idan an yi ƙoƙarin kwafarsa.

Na ukun shi ne dukiyar. An yi taron Live Aid ranar 13 ga Yuli, 1985, a filin Wembley na Landan da kuma birnin Filadelfiya na Amurka, domin tara gudummawa ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha, kuma an shafe kimanin sa'o'i 16 ana watsa shi. Faifan da aka fitar a hukumance a 2004 bai ɗauki komai da komai ba; ƙungiyar Led Zeppelin, alal misali, ta hana a saka nata wasan saboda ba ta gamsu da shi ba. Kaset irin na Baba yakan ci sa'o'i uku ko huɗu ne, ninkin haka idan an ɗauka a kan LP, wato saitin da zaren yake tafiya a hankali, don haka sai an kunna za a san wane ɓangare ya kama, amma ko mene ne a ciki, har da surutun masu gabatarwa tsakanin waƙa da waƙa, shi ne abin da ya zauna ya kalla a wannan rana.

Kada ka kunna shi tukuna. Farin abin nan funfuna ce, danshin damina ne yake haifar da ita a cikin akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba. Tana manne zaren da juna, ta yadda na'ura za ta iya tsinke shi da zarar ta ja, sannan funfunar ta shafa wa kan na'urar da yake karanta zaren, shi kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ka ware shi daga sauran biyun, ka ajiye shi a tsaye a wuri busasshe da rana ba ta dukansa, sannan ka kai wa tsohon mai gyaran bidiyo ya kwance kwanson, ya goge zaren a hankali da ƙyalle marar gashi yana naɗewa da hannu. Aiki ne na haƙuri, kuma a yi shi a waje da takunkumi a hanci.

Samun na'urar kunnawa mai lafiya shi ne zai fi ba ka wahala, domin tun 2016 kamfanin Funai, na ƙarshe da yake ƙera su, ya daina. Ka nemi wadda aka rubuta Hi-Fi a gabanta, mai ramin sauti biyu, ja da fari, kuma ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Ingila da Najeriya duk tsarin talabijin ɗaya suke bi a zamanin kaset, wato PAL, don haka babu saɓani a nan. Daga nan sai ka sayi ƙaramar na'urar ɗaukar bidiyo mai shiga ramin USB na kwamfuta, ka haɗa wayoyi uku, ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti, ka ɗauka da manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce. Ka saita girman hoto a 720 da 576, hotuna 25 a daƙiƙa, siffar 4:3, kada ka miƙe shi ya cika faffaɗan allo, in ba haka ba mawaƙan za su fito gajeru masu ƙiba. Idan ka ga layuka suna rawa a ƙasan hoto, maɓallin Tracking za ka taɓa har su kwanta. Ɗaukar tana cin lokaci daidai da tsawon kaset ɗin, saboda haka ka tanadi wutar da ba za ta yanke a tsakiya ba, domin zaren da ya yi funfuna ba lallai ya jure kunnawa ta biyu ba.

Babban fayil ɗin da ya fito ka adana shi a wuri biyu ba tare da ka taɓa shi ba. Na waya kuma ka fitar da kwafinsa da manhajar HandBrake zuwa MP4, ka kunna Deinterlace domin ya share zane-zanen nan masu kama da haƙoran mataji da suke bayyana idan makaɗi ya motsa hannu da sauri.

Tambaya: Malam, manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su iya mayar da irin wannan tsohon bidiyo 4K, wato hoto mai kaifi sosai? Kuma zan iya ɗora shi a YouTube? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Za su ƙara masa girma, amma abin da kaset bai riƙe ba, cankarsa suke yi. A wasan dandali abin yakan yi muni, domin fuskokin 'yan kallo sukan koma kamar na 'yartsana, igiyoyin jita kuma su riƙa ɓacewa suna dawowa. In za ki gwada, ki gwada a kan kwafi. Batun YouTube kuwa, mallakar kaset ba ta ba ki haƙƙin waƙoƙin da ke cikinsa, kuma tsarin Content ID na YouTube, mai gano kayan da ke da haƙƙin mallaka, yakan gane su nan take, ya toshe bidiyon ko ya mayar da kuɗin tallarsa ga masu haƙƙin.