Amsoshin tambayoyinku: kayan ɗaukar waƙa da tsofaffin kaset

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, ina taɓa waƙa. Na tara ɗan kuɗi zan haɗa ƙaramin situdiyo a ɗakina, sai kawuna ya ce asara zan yi, wai tun da kwamfuta ta shigo harkar, waƙa ta lalace. Haka ne? In kuma zan saya, da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi saurin watsi da maganar kawunka, akwai abin da kunnensa ya jiyo.

Ta fuskar tsabtar sauti dai babu ja, yanzu aka fi. Kaset yana da wata ƙara mai "shuuu" a ƙarƙashin waƙa, kuma duk kwafin da aka juya daga wani kwafi sai ya ƙara dusashewa. Fayil ɗin kwamfuta kuwa ko sau nawa aka kwafe shi yana nan yadda yake. A da galibi sai mai hanyar shiga gidan rediyo irin na Kaduna ake jin muryarsa a nesa, yau yaro a Tudun Wada zai ɗauki waƙa da safe, kafin magariba an ji ta a Yamai. Ina murna da wannan ƙwarai.

Abin da kawunka yake kewa shi ne makaɗi. Ka tsaya kusa da mai kalangu a gidan biki ka lura. Yana matse igiyoyin a hammata yana sassautawa, sautin na hawa da sauka kamar magana, idonsa kuma na kan mawaƙi. In mawaƙi ya ja baiti ya jira shi, in ya ɗauki zafi ya bi shi, 'yan amshi su faɗo daidai gaɓa. Haka ake ɗaukar waƙa a da, kowa na wurin a zama guda. Yanzu fiyano ke fitar da kiɗan tun kafin mawaƙi ya iso, shi kuma ya riƙa jefa layi ɗaya-ɗaya, manhajar Auto-Tune, da ta fito tun 1997, ta daidaita masa murya. Shi ya sa za ka ji waƙoƙi goma kamar mutum ɗaya ya yi su. Na'ura ba ta hana kowa kiran makaɗi ba, arha da gaggawa ne suka sa aka daina.

To, sayayya. Fara da makirufo irin na riƙewa a hannu, kamar Shure SM58. Wanda ake ratayawa a manyan situdiyo ya fi jin sauti, amma a ɗakin ɗalibi zai kwaso maka janareton maƙwabta da babura da kukan awaki gaba ɗaya. Jabu sun cika kasuwa, don haka kar ka biya sai ka jona ka yi magana ka saurara. Sai akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, irin su Focusrite Scarlett. Ɗauki mai ramuka biyu, domin ranar da za ka ɗauki muryarka da kalangu lokaci guda. Sai hedifon mai rufe kunne ruf. Kwamfutar cinya ta fi maka, saboda in wuta ta ɗauke aikinka bai tafi ba. Manhajar Audacity kyauta ce, ta ishe ka koyo. Ɗakin kuma ka jingina katifa a bango, ka saki labule mai kauri, ka shimfiɗa darduma, amsa-kuwwa zai ragu sosai.

Kada ka ƙarar da kuɗin a kanti. Ware wani abu na sallamar makaɗi ko da ɗaya ne. Zazzau ba ta rasa su ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan Sallah ya ji algaita da kakaki da tambari ya san haka.

Tambaya: Malam, maigidana ya rasu ya bar kwali cike da kaset, na Shata da na wa'azi da waɗanda ya ɗauka da rikodarsa a bukukuwa. Wani yaro a Sabon Gari ya ce zai juye min su a memori in zubar da kwalin. In yarda?

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Ki yarda a juye, don zafi da laimar damina suna cin zaren kaset. Ki ce ya ajiye su a WAV, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, wanda ke cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, sannan ya yi miki MP3 na saurare a waya. Ki gargaɗe shi kada ya matsa wajen goge ƙara, in aka wuce gona da iri muryar kan koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. Kwafi biyu za ki karɓa, ɗaya ya zauna wajen 'ya'yanki.

Zubar da kwalin ne ban yarda ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu tun 1999, kuma yakan ƙirƙiri baituka nan take a wajen taro, don haka abin da marigayi ya ɗauka da hannunsa a biki wataƙila babu shi wajen kowa sai ke. Ki sa a rubuta wa kowane kaset wuri da shekara in an tuna, a ajiye su a tsaye cikin gidajensu, inda rana da laima ba sa kaiwa, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta.