Ma'anar "tomar el pelo" a Turanci

Ka tambayi abin da abokin aikinka ɗan Madrid yake nufi da ya ce maka da Sifaniyanci "me estás tomando el pelo", tunda manhajar fassara ta nuna maka wai kana ɗaukar masa gashi. Maganar ba ta da alaƙa da gashi ko aski; abin da yake nufi shi ne kana zolayarsa, kuma mafi kusa da ita a Turanci ita ce "you are pulling my leg". Gaskiya ne cewa "tomar" ɗauka ce, "pelo" kuma gashi ne, amma a nan kalmomin sun dunƙule sun zama karin magana guda, don haka mai Turanci ya ambaci ƙafa ("leg") a inda mutumin Sifaniya ya ambaci gashi.

Sai dai akwai sharaɗi guda da na lura da shi a lokacin da nake koyon Sifaniyanci: maganar Turancin ta fi dacewa da raha tsakanin abokai, alhali ta Sifaniyancin tana iya yin nauyi fiye da haka. Idan mutum ya ɓata rai ya ce "esto es una tomadura de pelo", misali bayan an yi ta ɗage masa alkawari, ƙorafi yake yi cewa an raina masa hankali, kuma a nan "this is a joke" ko "this is a rip-off" sun fi kama ma'anar. Saboda haka ka tuna yanayin fuskarsa da muryarsa kafin ka zaɓi fassara. In da murmushi ya faɗa, to zolaya kawai yake nufi.