Amsa ga Malamar da ta gaji da maimaita wa ChatGPT bayani

Malama, wallahi ina karanta tambayarki ina girgiza kai, don abin da ke damunki shi ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kin ce duk ranar da za ki yi lesin not, wato takardar tsarin darasi, sai kin zauna kin sake yi wa ChatGPT, manhajar AI da ake sa wa aikin rubutu, bayani tun daga farko, wane aji, wane darasi, minti nawa, har kina ganin gara ma ki ɗauki biro. Ba ke kaɗai ba ce.

Ranar da wani umarni, wato saƙon da kika rubuta wa ChatGPT, ya ba ki abin da kike so, kar ki bar shi cikin hirar ya nutse. Kwafe shi ki kai waje. Ni a WhatsApp nake tura wa kaina in sa masa tauraro, wasu kuma a Google Keep, manhajar ajiye rubutu, suke sawa. Sai ki goge abin da ke canzawa ki bar gurbi. Ga nawa, da Turanci nake rubuta shi amma ma'anarsa ke nan: "Kai malamin kimiyya ne a aji biyu na ƙaramar sakandare a Najeriya. Rubuta lesin not a kan ____, na minti 40, manufofi uku, tambayoyi biyar a ƙarshe, Turanci mai sauƙi. Ajin cike yake, babu wuta, kayan koyarwa su zama abin da za a samu a gida ko a harabar makaranta." Gurbin nan kawai nake cikewa. Layin rashin wutar kuwa kar ki yi wasa da shi, in ba ki sa ba sai ya ce ki kunna wa yara bidiyo a majigi. Majigin wa?

Amma ki san wanda za ki ba umarninki. Nan ne inda aka ɓata min rai. Lokacin jarrabawar zango na biyu wani malami ya same ni a ofishin malamai, yana ta "Malama a taimaka mana, aiki ya yi min yawa". Na tura masa duk abin da na tara, na lesin not, na tambayoyi, na sharhin katin sakamako. Abin da na yi ta gyarawa da datata, cikin dare bayan yara sun yi barci. Ranar taron malamai sai ga mai makaranta yana yabonsa, wai ya kawo sabon tsari. Bawan Allahn nan ya miƙe, ya gyara hula, ya riƙe waya yana karanto umarnina kalma bayan kalma. Turanci yake koyarwa fa, amma ko "kai malamin kimiyya ne" bai goge ba! Ina zaune ina kallonsa, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Aka tafa masa. Ni kuwa da aka tashi sai aka ce tunda yanzu abin ya zama na minti biyar, in haɗa da tambayoyin wani aji, ba ƙarin ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau in ya gaishe ni amsawa kawai nake don Allah.

To, mu koma. In kina da tsohon not da shugaban makaranta ya sa wa hannu bai yi ƙorafi ba, manna shi a ƙasan umarnin ki ce ya bi wannan tsarin. Ya fi dogon bayani aiki nesa ba kusa ba. Kuma a saitin ChatGPT akwai wurin da ake rubuta umarni na dindindin, tun 2023 aka sa shi, ki rubuta ajinki da darasinki sau ɗaya ya riƙa tunawa. Sauran manhajojin irinsa ma suna da makamancin wannan: Gemini yana da Gems, Claude yana da Projects. Duk da haka ni ba na yarda sai ina da kwafi a hannuna.

Af, in da Gboard, kibod ɗin Google na waya, kike rubutu, abin da kika kwafa bayan awa ɗaya yake gogewa sai in kin maƙale shi. Kuma kowane darasi ki buɗe sabuwar hira, in ta yi tsawo sai ya fara cakuɗa na makon jiya da na yau. 

Amsoshin jarrabawa ki duba su ɗaya bayan ɗaya, musamman masu lissafi, don ChatGPT yana yanko amsar da ba daidai ba da ƙarfin gwiwarsa. Sunayen yara kuma kar ki zuba masa, ki ce "ɗalibi mai ƙoƙari amma mai surutu" ya wadatar.

In kina son umarnina na tambayoyin jarrabawa ki yi min magana ta gefe in turo miki. A nan dai ba zan sa ba, don ban san wa da wa ke karantawa ba.