Tambaya da amsa: batirin jirgina ya kumbura, in huda shi?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na haɗa ɗan jirgin rimot na sayi batirin LiPo mai 3S 2200mAh, ko wata uku bai yi ba ya kumbura kamar fanke, da yana kai minti takwas a sama yanzu da ƙyar yake yin biyu. Abokina mai gyaran waya ya ce in sa allura in huda shi iskar ta fita. In huda?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah ajiye allurar nan, ka kuma ja wa abokin naka kunne. Batirin LiPo ba shi da gwangwani irin na batirin tocila, 'yar leda ce mai aluminiyam aka naɗe shi da ita, a ciki kuma fallayen fosatif da na negatif ne a jere da wani siririn shamaki a tsakaninsu wanda bai kai kaurin takarda ba, allura na shiga za ta haɗa su, daga nan sai hayaƙi sai wuta tun kafin ka miƙe tsaye. Iskar da ta cika shi kuwa ruwan sinadarin ciki ne ya fara lalacewa yana fitar da gas, ko ka sace iskar abin da ya lalace ba ya dawowa.

Ban ga batirin ba amma ina jin na san inda gizo ke saƙar. 3S ɗin nan sel uku ne, wato ƙananan batura uku, a jere, kowanne in ya cika bolt 4.2 ne, ka ga 12.6 kenan, shi kuma 11.1 da ke rubuce a jiki 3.7 ne sau uku. Sel ba ya son sauka ƙasa da 3.0, ni kam da na ga 3.5 nake sauko da jirgi. Toh mu da muna sabon shiga sai farfela ta fara sanyi muke tuna akwai batir, nima haka na kashe nawa na farko, wallahi har yanzu ina jin zafin kuɗin. Akwai wani ɗan abu mai ƙara da bai fi akwatin ashana ba, ana soka shi a farar fulogin balans, wato ƙaramin fulogin nan mai wayoyi da yawa da ke jikin batirin, ka saita shi a 3.5, yana kaiwa zai dinga ihu kana ji daga ƙasa. Sannan ka riƙa duba abin da caja ta mayar, in ya wuce 1760 cikin 2200 ɗin, wato kashi 80, toh ka tatse shi da yawa.

Ɗaya laifin kuma shine cika batir a ajiye. Mutum ya yi caji ranar Asabar sai iska ta hana shi tashi, ya jefa shi a durowa a cike har wata Asabar ɗin ko ta gaba, wannan ma kumburi yake kawowa. In za ka yi fiye da kwana biyu ba ka tashi ba, sa caja ta mayar da shi 3.8 kowane sel, tana da wurin yin hakan.

Shi wannan da ya kumbura ya gama aiki. Fita da shi waje kan siminti, ga bokitin yashi a kusa, ka jona masa ƙwan fitilar mota har ya mutu, mita ta nuna sifili. Kada ka jefa shi bola da caji a ciki, ka san ana cinna mata wuta, ga yara 'yan jari bola suna tono da hannu.

Tambaya: Malam mu nan Sakkwato sai tsakar dare ake kawo wuta, zan iya jona batirin in kwanta in cire da asuba?

Amsa: A'a ɗan'uwa, batirin nan ba a yi masa barci. Ai ba sai ka jira wuta ba ma, cajoji irin su iMAX B6 suna karɓar bolt 11 zuwa 18, batirin mota ko na sola ya ishe ka, kuma batir mai 2200 a kan amfiya 2.2 ake cajinsa, awa ɗaya da 'yan kai ya cika kana zaune kana shan shayinka. Ka tabbata a jikin cajar ka zaɓi LiPo, ka zaɓi 3S, ka soka fulogin balans ɗin don sel ukun su cika daidai, in ba haka ba ɗaya zai wuce 4.2 alhali jimlar tana nuna lafiya lau. In ya sauko daga sama da ɗumi bari ya huce tukuna. Ban da kan katifa ko tabarma, ni a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa nake saka nawa in ɗora ledar yashi a bakinta, in wuta ta tashi ledar ta narke yashin ya zubo kai. Ga kuma zafinku na Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa, kada ka bar shi cikin mota a rufe a rana ko na zuwa masallaci ne ka dawo.

Tambaya: Yarona ya dame ni in sayo masa batir, na ga mai 25C da mai 50C, kuɗin ba ɗaya ba. Wanne zan ɗauka? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari. Lambar tana nuna ƙarfin wutar da batir zai iya bayarwa ne, in mai 2200 ne, 2.2 sau 25 amfiya 55 kenan, ya ishi ƙaramin jirgin koyo, ko da yake kamfanoni na yawan cika baki a wannan lamba. Ɗauki mai 25 ɗin, rarar kuɗin ki haɗa masa da ɗan abin ƙarar nan. In ya sauko ya taɓa batirin ya ji hannu ba ya iya riƙewa, a lokacin ne za a nemi mai 50. Cajin kuma a gabanki ko gaban babansa.