Mazarƙwaila da maɗi a Ingila: amsa ga ƙanwata mai zuwa karatu Mancesta

Ƙanwata, na ga saƙonki, Allah ya sanya alheri a wannan karatu. Kin ce hannunki ya saba da alkaki da nakiya, ba ki so ki bar sana'ar a gida, shi ya sa kike tambaya ko ki ciko jaka da mazarƙwaila da baƙin maɗi, ko kuwa ana samunsu a nan.

Kada ki ɓata kilon jirginki a kan mazarƙwaila. Tana nan jibge, sunanta ne kawai ya sauya. Ki shiga kowane shagon 'yan Pakistan ko Indiya a titin Wilmslow da ke Rusholme, ko Longsight, ko Cheetham Hill, ki ce a ba ki gur. A jikin leda za ki ga an rubuta jaggery. Ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, yadda ake yi a Maƙarfi, ba a tace shi ya koma farin sukari ba. Wani curi-curi yake zuwa, wani gari. Ni mai duhu nake ɗauka, domin wanda ya yi ɗau kamar ƙwaiduwa sau da yawa an sa masa sinadari ne don ya yi haske, kuma ƙamshin rakensa bai kai na mai duhun ba. Ki farfasa shi, ki zuba ruwa kaɗan, ki ɗora a wuta marar ƙarfi har ya narke, sannan ki tace da rariya mai laushi. Za ki ga ɗan tsaki da ɓawon rake sun kwanta a ƙasa, kamar dai ta gida. Da wannan nake dakan nakiyata, kuma babu Bahaushiyar da ta taɓa ɗanɗanawa ta ce wani abu ya ragu.

Inda sababbin zuwa suke asarar kuɗi da kayan haɗi shi ne wajen baƙin ruwan rake na gwangwani. A manyan kantuna akwai na kamfanin Lyle's iri biyu: jan gwangwani, black treacle, da koren gwangwani, golden syrup. Na jan gwangwanin baƙi ne ƙirin, mai kauri, yana da ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Idan kika tsoma alkaki a cikinsa tsurarsa, ya tashi daga alkaki. Cokali ɗaya ko biyu ake sawa cikin ruwan sukari, don launi da ɗan ƙamshin ƙuna. Na koren gwangwanin kuwa ruwan zuma ne a ido, zaƙinsa a kwance, kuma ba ya komawa ƙanƙarar sukari idan ya huce, shi ya sa na fi son sa wajen tsoma alkaki. In kuma ruwan sukari za ki dafa da kanki, ki matsa lemon tsami a ciki, aikin da zai yi ke nan.

Akwai wani da ake kira blackstrap a shagunan kayan gina jiki. Shi ne abin da ke saura bayan dahuwa ta uku, lokacin da an kwashe yawancin sukarin. Mutane suna shan sa saboda sinadarin ƙarfe da ke ciki, amma ɗacinsa ya fi ƙarfin kayan zaƙinmu. Ki bar shi a kanta.

Baƙin maɗin ɗinya dai babu shi a nan, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi kusa da shi a bakina shi ne ruwan dabino mai kauri na shagunan Larabawa, suna ce masa dibis. Turkawa ma suna da nasu na inabi, pekmez. Ina zuba na dabinon a kunun gyada ranar da sanyi ya matsa. Sai dai ki karanta kwalba da kyau, don a jere ɗaya ake ajiye su da na rumman, kalarsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, amma na rumman tsami ne zalla, na haɗa ganye da gasa nama ne. Idan kika dace da shagon Misirawa ko 'yan Sudan, ki tambayi asal aswad, wato ruwan raken kudancin Masar. Ya fi na jan gwangwani sauƙin ɗaci, ana iya lasarsa da burodi.

Ranar da babu ko ɗaya a kusa, ki sayi sukari mai duhu da ake kira muscovado. Kofi ɗaya na baƙin ruwan rake mai kauri, madadinsa kashi uku cikin huɗu na kofin wannan sukari da kashi ɗaya na ruwan zafi. Kuma lokacin hunturu duk waɗannan suna sandarewa a kicin. Ki tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi, ki shafa wa cokali mai kafin ki ɗiba, zai sulale ba tare da ya manne ba.

Abin da nake so ki kiyaye da gaske shi ne dokar shigo da abinci. Daga Nijeriya ba a shigowa Birtaniya da nama ko kayan madara, saboda haka kilishi da man shanu su zauna a gida, komai yadda Hajiya ta matsa. Zuma an yarda da ita har kilo 2 ga mutum ɗaya, to in kina da mai kyau ki taho da ita, domin mai kyau a nan da tsada. Man shanun nakiya kuwa, shagon da za ki sayi gur yana sayar da soyayyen man shanu na gwangwani, ghee. Gurbin da kika tanada wa mazarƙwaila ki cika shi da daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kimba da masoro, a ɗaure su da kyau. Idan kin sauka ki sanar da ni, Asabar ɗin farko zan kai ki Longsight ki ga shagunan da idonki. Ki gaishe min da Hajiya.